Rumbun Da Ba A Gani: Tarihin Tsaga Kwamfuta, Daga IBM Zuwa Kasuwar Zakirai

A cikin watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo a hannun jama'a saboda canjin kuɗi, wani kawuna ya kai ragonsa kasuwa a Zakirai. Aka yi ciniki, aka sallama, sai mai saye ya ce shi fa ba shi da tsaba, sai dai ya tura ta waya. Kawu ba shi da asusu, don haka aka karanto lambar asusun ɗansa. Mai saye ya tura, ya nuna wa kowa an cire masa kuɗi, amma alat ya ƙi shigowa. Aka jira har la'asar sakaliya, shiru. Ƙarshe dai rago ya kwana a gidan dillali, mai saye ya koma gida ba rago ba kuɗi, shi ma kawu ya koma ba rago ba kuɗi. Sai a rana ta uku kuɗin suka faɗo.

Da na je gaishe shi bayan 'yan kwanaki, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, gaya mini. Kuɗin nan sun bar hannun mutumin nan, ba su zo nawa hannun ba. To a ina suka kwana?"

Na ce, "Kawu, ai matsalar sabis ce."

Ya ce, "Ba shi na tambaye ka ba. Cewa na yi a ina suka kwana, kuma a ɗakin wa?"

Na yi dariya a lokacin, amma gaskiyar magana ita ce tambayar ta fi ƙarfin amsar da na ba shi. Domin kuwa kafin mutum ya amsa ta, sai ya koma baya shekara sittin, ya bi sawun wata fasaha da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali a kanta bankinmu da albashinmu da jarrabawar 'ya'yanmu suke zaune. Turawa na kiran ta bacuwalaizeshan. Mu a nan za mu kira ta fasahar tsaga kwamfuta, wato a ɗauki kwamfuta ɗaya ta ƙarfe a mayar da ita kwamfutoci da yawa, kowacce na zaton ita kaɗai ce a gidan. Tarihinta nake son mu bi tare, mai karatu, har mu ga inda ta kawo mu da kuma inda ta nufa.

Zamanin Babban Littafi

Wanda ya san banki a Kano kafin shekarun 1990 zai tuna cewa kuɗin mutum suna da adireshi. Idan a reshen Bankin Arewa ka buɗe asusu, to sunanka da lissafinka suna cikin babban littafi ko kati a wannan reshen, a cikin wata durowa da za a iya nuna maka da yatsa. Ka je ka karɓi lamba, ka zauna a benci, a ɗauko katinka, a duba sa hannunka, a biya ka. In ka yi tafiya zuwa Legas, kuɗinka ba su bi ka ba, suna nan inda ka bar su. Haka abin yake a ofisoshin gwamnati. Malamin firamare a ƙaramar hukumar Gabasawa ya san takardar albashinsa tana sakatariya a Zakirai, ya san akawun da ke riƙe da ita, kuma in an yi kuskure ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tsarin nan yana da wahala, yana da jinkiri, ga gara da gobara da ɓatan fayil. Amma yana da abu guda: ba a tambayar inda lissafi ya kwana. Kowa ya sani. Abin da ya biyo baya, daga wancan lokaci zuwa yau, shi ne labarin yadda littafin nan ya tashi daga durowa ya shiga kwamfutar reshe, daga nan ya koma hedikwata, daga hedikwata ya koma wani wuri da ko manajan bankin ma bai taɓa takawa ba.

Gandu Da Gayauna

Kafin mu shiga batun injuna, bari mu tsaya a gona, domin mutumin Zakirai ya riga ya san asalin dabarar nan tun kafin a ƙera kwamfuta. Ƙasar Gabasawa na cikin yankin da ke kewaye da birnin Kano, wanda masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kansa tun shekarun 1960 saboda yawan jama'arsa. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da dubu 200 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 600. A irin wannan wuri ƙasa tana da tsada, ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an kai taki an noma ta, kuma a kunya ɗaya za ka ga gero da dawa, ga wake a tsakani, ga gyaɗa a gefe.

Sannan ga tsarin gandu. Gona ta mai gida ce, amma yakan yanka wa kowane ɗa gayaunarsa. Ɗan zai shuka abin da ya ga dama a cikinta, ya girbe, ya sayar, kamar gonar kansa. Ba ya shiga ta ƙaninsa, ƙanin ma ba ya shiga tasa. Amma ƙasar ɗaya ce, kuma mai gida ne ya ja iyaka, shi ne ke tsara lokacin aikin gandu da lokacin da kowa zai koma tasa.

To haka tsaga kwamfuta take. Injin ƙarfe shi ne gonar. Akwai wata manhaja ta musamman da ke zaune a kansa a matsayin mai gida, ita ke yanka wa kowa rabonsa na ƙwaƙwalwa da ma'adana da lokacin aiki. Kowane yanki kuwa sai ya zama kwamfuta mai zaman kanta, da babbar manhajarta da komai nata. Irin wannan za mu kira kwamfutar inuwa, domin tana aiki kamar ta gaske amma ba ta da jikin da za ka taɓa. In ɗaya ta lalace, sauran ba su ma san an yi ba.

Asalinta A Gidan IBM

Tsadar ƙasa ce ta koya wa manomi raba gona, tsadar inji ce kuma ta koya wa masana tsaga kwamfuta. A shekarun 1960 kwamfuta guda kan cika ɗaki, kuɗinta kuwa sai gwamnati ko babban kamfani ko jami'a. Mutum zai kawo aikinsa a kan katuna masu huji, ya miƙa, ya dawo gobe karɓar sakamako. In an samu kuskuren harafi ɗaya, sai ya sake bin layi.

A wata cibiyar bincike ta kamfanin IBM da ke garin Kambirij na jihar Masacuset a Amurka aka fara warware wannan matsala ta hanyar tsagawa. A farkon 1967 suka fara aiki da wani tsari mai suna CP-40, wanda ya raba inji ɗaya zuwa kwamfutocin inuwa 14, kowane mai bincike da tasa. Daga shi aka samu CP-67, sannan a watan Agustan 1972 kamfanin ya fitar da VM/370. Jikokin wannan tsari suna nan har yau suna aiki a manyan injunan IBM da wasu bankunan duniya ke amfani da su.

Daga nan sai zamani ya juya. A 1981 IBM ya fito da ƙaramar kwamfutar tebur, wasu kamfanoni suka kwaikwaye ta, farashi ya yi ta faɗuwa. Da ƙarfe ya yi araha, sai aka ga babu dalilin wahalar da kai wajen tsagawa. Kamfani na son manhajar albashi? A sayo mata injinta. Ana son ta wasiƙu? A sayo wani. Irin waɗannan injuna da ke zaune a ɗaki suna yi wa sauran kwamfutoci hidima su ake kira uwar garke. Dalilin ware wa kowace manhaja tata uwar garken kuwa shi ne, idan aka haɗa biyu a inji ɗaya, sukan yi faɗa kamar kishiyoyi a ɗaki guda, wannan ta gyara abu waccan ta ɓata.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sai ɗakunan kamfanoni suka cika da injuna, kowanne na shan wuta dare da rana, kowanne na buƙatar sanyi, amma yawancinsu abin da suke amfani da shi na ƙarfinsu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Kamar mutum ne ya mallaki gonaki goma, ya shuka kunya ɗaya a kowacce, yana kuma biyan kuɗin gadin dukkansu.

Da Tsohuwar Zuma

A 1998 wasu masana, ciki har da Mendel Rosenblum na Jami'ar Sitanfod da matarsa Diane Greene, suka kafa kamfanin VMware a Kalifoniya. Aikinsu shi ne dawo da tsohuwar dabarar IBM a kan ƙananan injuna masu araha, waɗanda tun asali ba a ƙera su don a tsaga su ba. Suka fitar da hajarsu ta farko a 1999, sannan ta uwar garke a 2001. A 2003 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka saki tasu manhajar mai suna Xen kyauta ga kowa. Da masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka ga inda kasuwa ta dosa, sai Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina dabarar a cikin ƙarfen kansa. A 2007 kuma aka shigar da KVM cikin babbar manhajar Linux.

Amfanin farko a bayyane yake: injuna goma sun koma ɗaya ko biyu. Amma akwai wani amfani da ya fi wannan girma, wanda shi ne ya sauya duniya. Tun da kwamfutar inuwa ba ta da jiki, to a haƙiƙa ita fayil ce kawai. Ana iya kwafar ta. Ana iya adana hotonta na jiya, in yau ta lalace a dawo da na jiyan. Ana iya ɗauke ta daga wannan inji a mayar da ita wancan tana cikin aiki, masu amfani da ita ba su ji ko gezau ba, abin da VMware ya nuna tun 2003. A da, kafin kamfani ya girka sabuwar manhaja, sai an rubuta takardar neman kuɗi, an yi odar inji, an jira shi makonni ko watanni, an kwance kwali, an ja waya. Yanzu abin ya koma aikin mintoci. A nan ne kwatancenmu da gona ya tsaya, domin babu manomin da zai naɗe gayaunarsa kamar tabarma ya kai ta Ringim ya shimfiɗa. Ita kuwa kwamfutar inuwa, ana yi mata haka kullum.

Abin da ake iya yankawa a kuma ɗauka, ana iya ba da hayarsa. A watan Agustan 2006 kamfanin Amazon, wanda aka sani da sayar da littattafai, ya fara ba da hayar kwamfutocin inuwa a kan santi 10 na dala a kowace awa. Wannan ne mafarin abin da yau ake kira gajimare, ko da yake babu wani gajimare a cikin lamarin, manyan gine-gine ne cike da injuna, a ƙasa suke daram. Wani abin lura shi ne, yawancin aikin gina wannan tsari na Amazon a nahiyarmu aka yi shi, a birnin Keftawun na Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin Chris Pinkham. Amma kamfanin bai buɗe rukunin cibiyoyinsa a Afirka ba sai a watan Afrilun 2020, shekara 14 bayan nan.

Yadda Ta Iso Gida

A nan Nijeriya abubuwa uku ne suka share wa fasahar nan hanya. Na farko shi ne zuwan wayar salula a 2001. Na biyu shi ne haɗe bankuna. A watan Yulin 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da umarnin kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa da muka ambata ɗazu yana cikin bankuna tara da suka narke suka zama Unity Bank a farkon 2006. Mai karatu ya kwatanta aikin da ke cikin haka: bankuna da dama, kowanne da irin manhajarsa da injunansa da tsarin lambobin asusunsa, a ce a mayar da su littafi ɗaya wanda kowane reshe zai iya buɗawa a lokaci guda. Tun daga sannan lissafin mutum ya bar reshe gaba ɗaya, ya tare a cibiyar adana bayanai ta hedikwata, galibi a Legas.

Ga kuma matsalarmu ta gado, wato wutar lantarki. A ƙasar da kowace uwar garke ke nufin ƙarin man janareta da ƙarin na'urar sanyaya ɗaki, duk dabarar da za ta rage injuna goma zuwa biyu ba ta buƙatar dogon talla. Shi ya sa a shekarun da suka biyo baya manyan bankuna da kamfanonin waya suka rungumi tsaga kwamfuta hannu bibbiyu.

Na uku shi ne igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku. A 2010 igiyar MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗawa daga Fotugal, ta iso Legas, ita ma ta Glo ta iso a wannan tsakanin. Intanet ya ƙara sauri ya kuma sauko a farashi, har ya zama kamfani a Legas ko Kano zai iya ajiye manhajarsa a Turai ya yi aiki da ita kamar tana ɗaki na gaba.

A kan wannan harsashi aka ɗora abubuwan da suka shigo rayuwar mutumin karkara ɗaya bayan ɗaya. A 2011 hukumar NIBSS, wadda ke tsakanin bankuna, ta fara tsarin tura kuɗi nan take. A 2012 aka fara aika wa manoma saƙon takin gwamnati ta waya a zamanin ministan gona Akinwumi Adesina. A 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda su ne masu POS da yau ke zaune ƙarƙashin lema a kowace kasuwa. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a shekarar ne kuma aka tilasta wa ma'aikatun tarayya zuba kuɗinsu a asusun bai ɗaya. Duk waɗannan manhajoji ne na manyan hukumomi da kamfanoni, kuma duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu a Zakirai, to ya aika saƙo zuwa wata uwar garke mai nisan ɗaruruwan kilomita ko dubbai.

Zamanin Kwantena

Fasahar ba ta tsaya nan ba. Kwamfutar inuwa tana da nauyi, domin kowacce na ɗauke da cikakkiyar babbar manhajarta, kamar a ce kowane ɗa a gida sai ya gina nasa madafin ya haƙa tasa rijiyar. A 2013 wani matashi mai suna Solomon Hykes ya fito da Docker, wadda ta sauƙaƙa wata hanyar daban: a naɗe manhaja da 'yan kayan da take buƙata kawai a cikin ƙunshi ɗaya, ƙunshi da yawa su yi tarayya a babbar manhaja guda. Aka kira ƙunshin kwantena, domin kamar kwantenar jirgin ruwa yake, wadda ake saukewa a Apapa a ɗora wa tirela ko jirgin ƙasa ba tare da an buɗe ta ba. A 2014 kamfanin Google ya saki Kubernetes, manhajar da ke kiwon dubban kwantenoni, tana ƙara su idan jama'a sun yi yawa, tana rage su idan an watse, tana tayar da wadda ta mutu.

Wannan ya sauya yadda ake gina manhajar kamfani. Maimakon dunƙulalliyar manhaja guda da ake sabuntawa sau ɗaya ko biyu a shekara, ana rufe banki daren Asabar ana addu'ar kada a wayi gari da matsala, sai aka koma gina ta gunduwa-gunduwa: mai duba lambar sirri daban, mai cire kuɗi daban, mai aika alat daban. Kowacce ana iya gyara ta ita kaɗai, ana iya ninka ta ita kaɗai.

A nan za mu koma kan ragon kawu. Idan mutum ya tura kuɗi, saƙon kan bi tashoshi uku: bankin mai turawa ya cire, tashar tsakiya ta miƙa, bankin mai karɓa ya zuba ya kuma amsa cewa ya karɓa. A farkon 2023 miliyoyin mutanen da a da suke ciniki da tsaba suka auka wa waya a lokaci guda. Duk bankin da injunansa ke da iyaka, ba a kuma gina manhajarsa yadda za ta ninka kanta ba, sai ƙofarsa ta cushe. Saƙo ya zo, ya jira, lokacinsa ya ƙare ba a amsa masa ba. An cire a can, ba a zuba a nan ba, sai ma'aikata sun zauna sun daidaita lissafi. A wannan lokaci ne sababbin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu karɓuwa sosai a kasuwanninmu. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ne su 'yan zamanin nan ne, ba su gaji tsofaffin injuna da tsofaffin manhajoji ba.

Kayan Aro

Zuwa nan labarin kamar na nasara ne zalla. To amma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma shekaru uku a jere sun nuna mana gaskiyar haka.

Na farko, kuɗin haya. Manyan masu gajimare da dala suke lissafi. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da bai ƙara ko kwamfutar inuwa ɗaya ba ya wayi gari kuɗin hayarsa sun ninka uku. A farkon 2025 Amazon ya fara karɓar naira, amma karɓar naira daban, yanke farashi da naira daban. Irin wannan nauyi kuwa a ƙarshe kan mai ciniki yake sauka, cikin 'yan kuɗin da ake cira a kowace hulɗa.

Na biyu, ikon mai gida. A watan Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a kan dala biliyan sittin da wani abu. Ba a jima ba ya daina sayar da lasisin dindindin, ya ce kowa ya koma biyan kuɗin shekara-shekara. Kamfanoni a faɗin duniya, waɗanda suka shafe shekara goma ko ashirin suna gina komai nasu a kan wannan manhaja, suka yi ta kokawa da tsadar sabon tsari. Manomi ya san wannan hali. Wanda ya karɓi gona aro ya yi shekaru yana zuba mata taki, ran da mai ita ya sauya magana, ba shi da ta cewa.

Na uku, hanya. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, hulɗar banki ta tsaya wa mutane da yawa a Nijeriya. Haka nan ranar 20 ga Oktoban 2025 wata tangarɗa a cibiyoyin Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka ta durƙusar da manhajoji masu yawa a sassan duniya na tsawon sa'o'i. Rumbu yana nan, hatsi yana ciki, amma hanyar zuwa ta yanke, ko kuma ƙofar ta ƙi buɗuwa.

Ina Aka Dosa?

Hukumomin ƙasar nan sun daɗe da hango wannan. A 2006 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya riƙe wa ma'aikatunta hanyoyin sadarwa da bayanai. A 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su, a 2019 ta fitar da manufar amfani da gajimare, a 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. A ƙarshen Janairun 2023, daidai lokacin da ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan irin waɗannan cibiyoyi a Legas suke cunkushe, kusa da bakin teku inda igiyoyi ke sauka. Samun guda a Arewa na nufin in wani abu ya faru a can, akwai inda za a tayar da kwafi.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, fasahar da ta kwashe littafinmu ta kai shi nesa, ita ce kuma za ta iya dawo da shi kusa. Tun da manhaja ta zama ƙunshin da ake ɗauka, to ba dole ba ne ta dawwama a wuri ɗaya. Kwantenar da ke aiki a Turai yau, gobe za ta iya aiki a Legas ko Kano, muddin an gina ta a kan manhajojin da ba mallakin mutum ɗaya ba, irin su KVM da Kubernetes. Shi ya sa kamfanoni da yawa yanzu suka koma raba ƙafa: wani sashe a injunan kansu, wani a cibiyar cikin gida, wani a gajimaren waje, yadda in ɗaya ta ƙi, ɗaya za ta yi. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi ma don gudun shekarar da ruwa zai yi gardama yake yi.

Sai dai gini da injuna ba su isa ba. Ana buƙatar wuta tsayayya, ana buƙatar igiyar intanet da za ta ratsa ƙananan hukumomi ba manyan birane kaɗai ba, sannan uwa uba ana buƙatar mutane. Aikin da a da yake hannun mai ɗaukar inji da jan waya, yau ya koma hannun mai rubuta umarnin da zai tayar da kwamfutoci ɗari cikin minti guda. Wannan ilimi ne da yaro zai iya fara koyo da tsohuwar kwamfutar cinya ɗaya, domin ita ma ana iya tsaga ta, kuma manhajojin koyon kyauta ne. Ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, har da wanda ya gama sakandare yana zaune a Zakirai yana jiran sakamako, duk ƙofar a buɗe take gare su. In ba mu samar da masu riƙe mabuɗin ba, to ko an gina rumbun a ƙofar gidanmu, sai mun aika a kira mai buɗe mana daga wani wuri.

Da na koma gida da sallar layya, na zauna na yi wa kawu bayanin nan gwargwadon iko. Na ce masa kuɗinsa ba su kwana a aljihun kowa ba, layi ɗaya ne na rubutu da ya maƙale tsakanin littafin wani banki da na wani, a cikin kwamfutar da ita kanta haya take zaune a cikin wata kwamfutar. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To na ji. Amma shi mai ɗakin da ake hayar, in rigima ta tashi, a gaban wane alƙali za a kai shi?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗaga hannu ya ce in bari sai na yi bincike tukuna, kada in sake ce masa matsalar sabis ce.